Yadda Rabon Ruwa Ya Kwance wa Malam Datti

A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, in ka ji an ce Mai Ruwa to Malam Datti ake nufi. Ba sarauta ba ce, ba kuma aikin gwamnati ba ne. Manoman da gonakinsu ke sha daga ƙaramin kanal ɗin da ya bi ta bayan gari, su suka ɗora masa rabon ruwan tun gemunsa na baƙi, bayan sun gaji da zare wa juna ido a bakin gona. Katangarmu ɗaya da gidansa. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan, daga bakin matarsa Hajara da 'yarsu Fa'iza na ji shi.

Yana saurayi aka kawo manyan motoci suka baje gonakin kakanninmu, aka haƙa kanal, ruwan Tiga ya iso ƙasar da a da ba ta san kore ba sai da damina. Datti ya yi leburanci a wajen haƙar. Da aka gama, aka mayar wa gidansu da 'yar gonarsu, ya duƙufa noman rani. Gajere ne, marar jiki, ba ya rabo da kekensa da wata gajeriyar fartanya ɗaure a bayan sirdi.

Wanda bai yi noman rani ba sai ya ɗauka rabon ruwa buɗe ƙofa ne da rufewa kawai. Ruwan ba ya isar kowa a lokaci ɗaya. Akwai na kusa da ƙofa, akwai na can wutsiya da ruwa ke isa gare su a gajiye. Mai alkama zai iya haƙuri, mai tumaturin da ya fara fure ba zai iya ba. Albasa ba ta son ruwa ya kwana mata. Wanda ya yi dashe jiya dole a waiwaye shi yau, ko da ba layinsa ba ne. Ga kuma ranar da ruwan zai makara daga babban kanal, tsarin da aka kwana da shi ya rushe, sai an sake wani nan take. Duk wannan a ka Malam Datti yake riƙe da shi. Na sha ganinsa a kan kwalbati yana gyara sarƙar kekensa, mutane sun kewaye shi kowa na faɗin tasa, bai ko ɗago ba zai ce, "Kai, jira zuwa azahar. Kai, je ka buɗe yanzu, in fangalinka ya cika ka toshe ka sakar wa na ƙasa da kai. Kai kuma jiya ka sha, kada ka ƙara, saiwar za ta ruɓe." Kowa ya watse ba gardama.

Kunyarsa irin ta mutanen da ce. Ba a taɓa ganinsa yana tauna abu a kan hanya ba. Ɗansa na fari, Mustapha, har ya zama magidanci yana dillancin tumatur a Kwanar Gafan, uban bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "wancan yaron". In mijin Fa'iza, Abdulsamad, ya zo gaisuwa kuwa, ba ka san wanda ya fi wani sunkuyar da kai ba.

Hajara ce ta fara lura, wajen shekarar 2003. Ta ce ranar da ya zauna a gida sai ya fito da niyyar gyara dangar akurki, ya kwance igiya, ya hango fartanya ya ce bari ya wasa ta, yana cikin wasawa akuya ta yi kuka ya tafi ya kwance ta. Kafin azahar tsakar gida ta cika da ayyukan da aka fara, babu ko ɗaya da aka gama, shi kuma yana tsaye a tsakiya yana goge gumi kamar wanda ya yi noman yini. In an ajiye masa tuwo rediyo na magana, sai ya riƙe loma a hannu har ta huce.

"Kashe abin nan in ci abinci," zai ce.

"Malam, shekara nawa kana ci yana magana?"

"To yanzu ba na iyawa. Kashe."

Wata rana da hantsi ya leƙa zaure ya ɗaga murya ya ce, "Mustapha! Zo ka riƙe min nan." Hajara ta ce muciya ta kusa faɗuwa daga hannunta. Mustapha kansa ya tsaya yana waige-waige, yana neman wanda ya kira shi. Shi kuwa Malam Datti sai da ya ga fuskokinsu ya gane abin da ya fita daga bakinsa, ya shige ɗaki bai fito ba sai la'asar. Ba a jima ba wani ya zo yana ba da labari cikin raha, wai ya ga Mai Ruwa a kasuwar Bunkure yana tafe yana shan rake yana tofar da totuwa a gaban jama'a. Ya je sayen taki ne ranar, ya dawo da igiyar shanya da tabarma, babu takin.

Babu wanda ya kawo maganar gigin tsufa, don mu a saninmu mai gigin tsufa mantuwa yake yi, shi kuwa Malam Datti bai manta kowa ba. Zai gaya maka gonar wa ke nan kafin a baje ƙasa, da sunan uban mai ita, da itacen da ke kan iyaka. Yana gaishe da kowa da sunansa. Hajara ta ce gajiya ce, ta riƙa dama masa kunun tsamiya tana hana yara hayaniya. A bakin kanal ma abin bai fito fili da wuri ba. Mutane sun saba da tsarin shekara da shekaru, kowa ya san layinsa, sai suka riƙa tafiya a kai. In ya yi shiru da yawa kafin ya ba da amsa, a ce dattako ne ya ƙaru.

Ranin 2005 ne ya tona. Shekarar ruwa ya riƙa zuwa ba a kan ka'ida ba, yau ya zo da asuba, gobe sai rana ta take, ga shi kaɗan. Irin lokacin da aka fi bukatar Mai Ruwa ke nan, don kullum sai an sake lissafin wa zai sha, wa zai jira. Gonar farko daga ƙofa ta surukinsa Abdulsamad ce, alkama ya shuka. Ta can ƙarshen wutsiya kuwa ta Lukmanu ce, wani Bafulatani da iyayensa suka zauna a gefen garinmu tun kafin a haife shi, yana kiwo yana noma. Lukmanu ya sa ƙarfinsa duka a tumatur shekarar, kuma ya fara fure.

Abin da ya riƙa faruwa shi ne, in ruwa ya iso, Malam Datti zai tsaya a bakin ƙofa yana son ya tsara, abin ya ƙi haɗuwa. Sai hannunsa ya koma kan abin da ya saba farawa da shi, ya buɗe wa gonar farko. Daga nan wani ya kira shi, ko ya ga ciyawa ta toshe magudana ya tsaya cirewa, ya bi ta yana cirewa har ya yi nisa. Kafin ya waiwayo ruwan ya janye. Washegari ya dawo ya sake farawa daga gonar farko. Na tsakiya suka riƙa satar ɗan abin da ya tsallako. Lukmanu ya zo ya yi magana cikin ladabi, Malam Datti ya ce, "Gobe kai ne farko, in Allah ya yarda," kuma har ransa yake faɗa. Goben ta zo, alkamar Abdulsamad ta sake sha har tana neman kwanciya, furen Lukmanu ya zube ƙasa.

Lukmanu ya kai ƙara wajen mai unguwa Ibrahimu. Aka taru bayan la'asar a gindin mangwaron ƙofar gidansa, ina wurin. Lukmanu ya zo da reshen tumatur a hannu, ganyen ya nannaɗe, ya ajiye a gaban tabarma.

"Ranka ya daɗe, ni ban zo cin mutuncin Baba ba," ya ce. "Shi ya raba wa mahaifina ruwa. Amma a duba min, gonar surukinsa kwaɗi na kuka a ciki, tawa ƙasa ta tsage. In don ni a wutsiya nake ne, ko don ni ba ɗan gari ba ne, a gaya min in sani."

Abdulsamad yana gefe kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya rantse bai taɓa roƙon ko ɗigo ba, ya ce shi ma ruwan ya yi masa yawa, nauyin baki ne ya hana shi gaya wa surukinsa. Wasu suka yi tsaki.

Mai unguwa ya ce, "Malam Datti, kai muke saurare. Faɗa mana yadda aka yi, sannan ka tsara mana na gobe kowa ya ji, a wuce wurin."

Malam Datti ya gyara zama. "To, gobe in ruwa ya zo da safe, za a fara da…" Wani mai babur ya wuce yana hon, ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ya dawo. "Gobe in ruwa ya zo da safe…" Wani daga baya ya ce in kuma bai zo da safe ba fa, wani ya ce shi albasarsa ba za ta kai jibi ba. Na ga idonsa yana tsalle daga wannan baki zuwa wancan. Ya ɗaga yatsa zai lissafa, ya kama sunan Abdulsamad, ya tsaya. Ya sake ɗaga yatsan, ya sake kama sunan Abdulsamad. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓensa na motsi ba magana.

Can ya sauke hannun, ya dubi ƙasa ya ce, "Abin da Lukmanu ya faɗa gaskiya ne. Son kai na yi. Ku nemi wani ku ba shi."

Ya tashi ya bar wurin a ƙafa. Kekensa ma sai bayan magariba aka tura masa gida.

Maganar ta zaga gari kafin a yi kiran isha'i. Mutumin da ake rantsuwa da adalcinsa ya amsa da bakinsa cewa ya karkata ruwa ga surukinsa. Masu cewa dama sun sani suka yi yawa. Abdulsamad ya daina zama majalisa. Fa'iza ta daina zuwa gidan suna don gudun habaici. Malam Datti kuwa ya koma sallah a sahun baya, yana sallamewa ya zari takalmi.

Hajara ta bari sai da aka kwana biyu, da safe ta kai masa koko ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, me ya sa ka yi wa kanka ƙarya a gaban mutane?"

Ya jawo kwanon kokon gabansa. Ta ci gaba.

"Ni na san ba son kai ka yi ba. Mutumin da ya kasa gama ɗaurin danga a gidansa, shi zai zauna ya ƙulla yadda zai cuci wani?"

Ta ce ya daɗe yana juya ludayi a cikin kwanon kafin ya ce, "Hajara, ina ganinsu duka. Na san gonar kowa, na san abin da ya shuka. In na zo in jera su, wannan kafin wancan, sai su watse min kamar kaji. In na kamo ɗaya, ɗaya ya tsere. In mutum ya yi tari a gefena, shi ke nan, sai na koma farko."

"To ka faɗa musu haka mana."

"In ce musu me? Kan Datti ya kwance? Wanda ya yi zalunci yana tuba a yafe masa, ya koma cikin mutane. Wanda aka ce ya zautu fa? Yara su riƙa binsa, a daina amsa masa sallama da girma, a ce kada a auri jikokinsa. Gara a ce na ci amana."

Mustapha ma ra'ayinsa ke nan, ko da yake bai faɗa da wannan lafazin ba. Ya ce a rufa wa tsoho asiri, a bar shi a gida ya huta, magana za ta mutu da kanta. Yana da 'ya'ya mata da suka tasa, ya san abin da kalmar taɓin hankali ke yi wa gida. Ya kawo rubutu da hayaƙi, don wani ya ce masa sammu ne aka yi wa uban saboda hassada. Fa'iza ce ta ƙi. Ta ce ita mijinta ake nunawa da baki a kan laifin da bai yi ba, ubanta kuma ya ɗauki sunan da ba nasa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suka yi ta ja, wa da ƙanwa, har damina ta wuce. Abin da ya raba gardamar shi ne ranar da Hajara ta same shi a bakin randa ya wanke ƙafa, ya koma kurkurar baki, ya sake wanke ƙafa, buta ta ƙare bai gama alwala ba, yana zaune hawaye na bin gemunsa.

Suka kai shi wani asibiti a Kano, Mustapha da Fa'iza. Mustapha ya ce wa maƙwabta ciwon ƙafa za a duba. Likitan ya tambaye shi sunansa da garinsu da sunayen 'ya'yansa, ya amsa tsaf, har Mustapha ya fara cewa ai ga shi nan lafiyarsa ƙalau. Sai likitan ya ce, "Baba, lissafa min kwanakin mako, amma da baya. Fara daga Juma'a."

"Juma'a. Alhamis." Ya koma farko. "Juma'a, Asabar, Lahadi…"

"Ba komai. Yanzu in na buga tebur sau ɗaya kai ma ka buga, in na buga sau biyu kada ka taɓa."

Ya ce ya gane, har ya maimaita umarnin da bakinsa. Amma duk bugun da likitan ya yi, hannunsa sai ya bi. Yana gani yana yi, ya kasa hana hannun. Ya janye shi ya cusa a ƙarƙashin riga.

"Baba, a ce gobe za ka dasa tumatur. Me za ka fara yi, me zai biyo baya?"

Fa'iza ta ce nan ne ta juya fuskarta bango. Uban ya yi maganar irin da ya fi jure zafi, ya yi maganar tsutsa, ya yi maganar wani rani da ƙanƙara ta faɗo, duk gaskiya, amma bai kai ga gyaran fangali ba balle dashe. Da ya ga yadda suke kallonsa ya yi shiru da kansa.

Aka auna jininsa, aka same shi ya hau sosai, kuma ga alama ya daɗe a haka ba a sani ba. Bayan gwaje-gwaje likitan ya zaunar da su ya ce ba hauka ba ne, ba kuma aikin wani ba ne. Ya ce ciwon da mutane ke kira gigin tsufa iri-iri ne, ba kowanne ke farawa da mantuwa ba. Na Baba, hawan jinin ne ya yi ta lalata ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa a hankali, ya fi taɓa wajen da ke riƙe hankali a kan abu ɗaya, da tsara aiki daki-daki, da sauya shawara in hali ya sauya, da kame mutum daga abin da bai dace ba. Shi ya sa sani yana nan, amfani da shi ne ya gagara. Ya ce abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma maganin hawan jini zai iya rage saurin abin. Ya ce a riƙa yi masa magana mutum ɗaya, a ba shi aiki ɗaya, in ya gama a ba shi na gaba, a rage masa hayaniya, kada a gaggauta shi, kada kuma a kulle shi a ɗaki.

Da za su tashi Malam Datti ya dubi likitan. "Likita, sallata fa? Ina tsayawa in rasa inda nake."

Likitan ya ce wannan malamai za a tambaya, amma shi a saninsa Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Limaminmu ma da aka same shi a keɓe haka ya ce, ya ƙara da cewa ya riƙa bin jam'i, a gida kuma wani ya ja shi.

Sauran maganar Lukmanu. Mustapha ya ce a bar ta. Hajara ba ta yi gardama ba, ta bari ya tafi kasuwa, ta yafa mayafi ta bi gefen kanal har gidan su Lukmanu, ita da ba ta fita sai da dalili. Ta ce tafiyar nan ta fi mata kowace tafiya nauyi, don tun da aka kawo ta gidan Malam ba ta taɓa fitar da maganar ɗakinsa waje ba. Ta sami mahaifiyar Lukmanu, Inno, tana burga nono. Suka gaisa, ta zauna, ta kasa farawa. Sai da Inno ta ce, "Hajara, abin da ya fito da ke da rana tsaka ba ƙarami ba ne, faɗi," sannan ta faɗa, kanta a ƙasa, tun daga dangar akurki har bugun tebur.

Inno ta ajiye maburgi ta ce, "Wayyo. Haka kawuna ya yi. Ya san kowace saniya da uwarta, amma a ce ya kai su mashaya ya dawo da su, sai a tsinto shi wani wuri su wani wuri. Mu ma ɓoyewa muka yi." Ta ce za ta gaya wa ɗanta.

Da Malam Datti ya ji inda matarsa ta je, ya yi kwanaki ba ya amsa mata magana sai da kai. Daga baya shi da kansa ya ce a raka shi wajen Lukmanu, tunda asiri ya riga ya fita, ya nemi gafara da gaskiyar magana. Hajara ta yi ta maimaita masa abin da zai ce, gajere: ban yi da gangan ba, ciwo ne, ka yafe min. Ya haddace. Ni na raka shi, da hantsi, lokacin an sake shiga rani.

Muka sami Lukmanu a gona, ya sake dasa tumatur amma rabin na bara, don sai da ya sayar da bijimi kafin ya farfaɗo. Ya taso ya durƙusa ya gaishe shi. Malam Datti ya buɗe baki ya ce, "Lukmanu, na zo ne…" Sai idonsa ya sauka a kan fangalin da ke gabansa, ciyawa ta fara cin ƙarfin dashen. Ya tsuguna ya cire ɗaya. Ya cire ta kusa da ita. Muna tsaye muna jira ya ɗago ya ƙarasa, shi kuwa ya bi layin yana cira yana karkaɗe ƙasar saiwa yana tarawa gefe, da tsabtar aikin da muka san shi da ita. Na matsa zan tuna masa, Lukmanu ya riƙe min hannu ya girgiza kai. Ya tsuguna a layi na kusa shi ma ya kama cira. Sai da suka kai ƙarshen fangalin Malam Datti ya miƙe, ya dube mu, ya dubi hannunsa, na ga ya tuna abin da ya kawo shi kuma ya gane bai faɗa ba. Fuskarsa ta yi wani iri.

"Baba, na ji," Lukmanu ya ce. "Inno ta gaya min. Ni ne da neman gafara, da na tsayar da kai gaban mutane. Gobe in kana da hali ka dawo, ciyawar ta fi ƙarfina."

Malam Datti ya koma goben, ya kuma ci gaba da zuwa har ranin ya ƙare. Wutsiyar kanal ba mutane, ba babura, ba mai kiransa daga nan da can, aiki ɗaya ne a gabansa. Lukmanu ya faɗa wa mai unguwa gaskiyar abin, mai unguwa ya faɗa a majalisa. Wasu suka yi salati suka je gaishe shi, ya ƙi fitowa, ya ce a ce musu ya gode. Wasu kuma har yau cewa suke iyalinsa ne suka ƙirƙiro ciwon don su wanke shi, ai da kunnensu suka ji ya amsa. Rabon ruwa aka damƙa wa mutum uku, suka raba kanal ɗin kashi-kashi, suna yi ana ƙorafi.

Ya yi rani biyu yana zuwa gonar Lukmanu. A na ukun ya fara cire tumaturin yana barin ciyawar, Lukmanu ya riƙa bin bayansa yana mayarwa a ɓoye, har ranar da ya waiwayo ya gani. Daga ranar bai sake fita gona ba. Mantuwar da ake ta cewa babu ita ma ta iso daga baya, ƙafarsa ta yi nauyi, magana ta ragu. Ta katanga nakan ji Hajara a bakin randa tana cewa, "Hannu, Malam. Yawwa. Yanzu baki. Yanzu hanci," tana jira tsakanin kowanne. Mustapha ya rage zuwa kasuwa, shi ke jansa sallah a zaure, shi ke yi masa aski. Amma ko a lokacin in baƙo ya tambayi jikin tsoho, cewa yake hawan jini ne kawai.

Ya rasu da daminar 2009, ana tsakiyar dashen shinkafa. Mutane suka fito daga gonaki da taɓo a ƙafa suka yi masa sallah, sahu har bakin hanya. Lukmanu na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Bayan an share makoki na taɓa tambayar Hajara yadda shekararsa ta ƙarshe ta kasance, don a watannin nan ba mai shiga ɗakin sai ita da Mustapha. Ta gaya min komai na baya ba ta rage ba, amma da na zo nan sai ta gyara mayafinta ta ce, "Na fitar masa da magana sau ɗaya don dole, ya kuma yafe min da ƙyar. Wannan kam tawa ce da shi." Ta tashi ta shiga duba tukunyarta.